Basil D'Oliveira: Ɗan Wasa Mai Sana'a Biyu

KARATU NA ƊAYA

Wasan kurket

Kowane yaro na Madawa ko Buza ko Keita ya san kokowa, ya san langa, ya san ƙwallon ƙafa. Amma akwai wani wasa da ba a saba gani ba a jihar Tawa. Sunansa kurket.

Turawan Ingila ne suka ƙago shi. Duk ƙasar da suka mallaka, sun kai shi can: Indiya, da Ostareliya, da Afirka ta Kudu, da tsibiran Karayib, da Najeriya. Faransawan da suka mallaki Nijar ba su yin kurket, shi ya sa bai shigo ba. A Najeriya kuwa ya daɗe. A Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a shekara ta 1922, an koya wa ɗalibai wannan wasa. A watan Janairu na 2025 ma ƴan matan Najeriya masu ƙasa da shekara 19 sun ka da na ƙasar Niyu Zilan a gasar kurket ta duniya.

Ga yadda ake yin sa. Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum 11. A tsakiyar fili akwai wani zirin wuri mai tsawon metir 20. A kowane ƙarshensa an kafa turaku 3 na itace. Ƙwallon ƙarami ne, bai wuce babban lemo ba, amma yana da tauri ƙwarai. An rufe shi da fata, nauyinsa wajen garam 160.

Ƙungiya ɗaya tana jifa, ɗaya tana bugu. Mai jifa ya sheƙo a guje, ya jefo ƙwallo don ya ka da turaku. Mai bugu yana tsaye gabansu, riƙe da sanda mai faɗi kamar babbar muciya, yana kare su. In ya bugi ƙwallo ya yi nisa, sai shi da abokinsa su yi gudu su musanya wuri. Kowane gudu maki 1 ne. In ƙwallo ya gangara har iyakar fili, maki 4 ke nan. In ya tashi sama ya tsallake iyaka bai taɓa ƙasa ba, maki 6. In kuwa ƙwallo ya ka da turaku, ko wani ya cafe shi a sama, mai bugu ya fita, wani ya shigo. Sa'ad da aka fid da mutum 10, sai a juya: masu jifa su koma bugu. Babban wasa tsakanin ƙasa da ƙasa yakan kai kwana 5.

Yawancin ƴan wasa abu ɗaya suka ƙware a kai, ko bugu ko jifa. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Duk da haka, jifa-jifa akan sami wanda ya iya duka biyu. Shi ne ake kira mai sana'a biyu. Yana kama da manomin kwarin Tarka ko na Majiya, wanda ke noman hatsi da damina, da rani kuma ya shiga garkar albasa. In ɗaya ta ƙi, ɗaya ta rufa masa asiri. Ƙungiyar da ta sami irin wannan mutum tamkar ta shiga fili da mutum 12 ce.

Wannan darasi labarin ɗaya daga cikinsu ne, ɗan Afirka.

KARATU NA BIYU

Yaron birnin Kap

An haifi Basil D'Oliveira ran 4 ga watan Oktoba na 1931. Ana faɗin sunan kamar haka: Bazil Dolibera. Garinsu shi ne birnin Kap, wanda ake kira Cape Town, can ƙarshen Afirka ta Kudu, a bakin teku. Unguwarsu tana kan gangaren tudu. A kan titunanta ya fara koyon bugu tare da yara ƴan uwansa.

A wannan ƙasa Turawa ne tsiraru, amma mulki na hannunsu. Daga 1948 suka mai da wariyar launin fata doka. A 1950 aka kasa mutane kashi-kashi bisa launin jikinsu. Kowane kashi da unguwarsa, da makarantarsa, da wurin zamansa a jirgin ƙasa. An sa Basil cikin waɗanda ake kira ruwa-biyu, wato ba Bature ba, ba baƙar fata sosai ba.

Wariya ta shiga har filin wasa. Turawa suna da filaye masu ciyawa kore shar, da masu koyarwa, da kayan wasa. Basil da abokansa kuwa sai fili mai tsakuwa da ramuka. Da sassafe su fito, su share wuri, su yayyafa ruwa, su daddaɓe ƙasa. Sa'an nan su shimfiɗa wata doguwar tabarma, su kafe ta. Ba irin tabarmar kaba ta Madawa ba ce, ta zaren kwakwa ce mai kauri. A kanta ƙwallo ke dira. In an yi babban wasa a Newlands, filin Turawa na birnin, sai dai Basil ya yi kallo daga gefen da aka ware wa waɗanda ba Turawa ba.

Da ya bar makaranta, ya kama aiki a gidan buga takardu. Ranakun hutu yana yi wa ƙungiyar Sent Ogustin wasa. Ya yi suna a bugu, ya yi suna a jifa. A kurket, in mutum ya ci maki 100 kafin a fid da shi, ya yi abin a zo a gani. Basil ya yi haka wajen sau 80 a wasannin waɗanda ba Turawa ba. A 1958 ya shugabanci ƙungiyarsu ta ƙasa zuwa Kenya. Amma ƙofar babbar ƙungiyar Afirka ta Kudu a rufe take gare shi, kome gwanintarsa.

Wasiƙa zuwa Ingila

Shekaru suna tafiya, ƙarfin samartaka yana shirin wucewa. Sai Basil ya ɗauki alƙalami ya rubuta wa wani mutum da bai taɓa gani ba. Sunansa John Arlott, mai ba da labarin kurket a gidan rediyon BBC. Ya roƙe shi ya nema masa wurin wasa a Ingila.

Arlott ya san halin da ake ciki, don ya taɓa zuwa Afirka ta Kudu. Da aka ba shi takarda ya cika, aka tambayi launin jinsinsa, sai ya rubuta cewa shi ɗan Adam ne. Bai yar da wasiƙar Basil ba. Ya yi ta nema har aka dace. A 1960 wata ƙaramar ƙungiya ta garin Middleton, kusa da Manchesta, ta yarda ta ɗauke shi a kan fam 450.

Saura kuɗin jirgi, Basil kuwa ba shi da su. Mutanen unguwa da abokan wasa suka yi karo-karo, aka shirya wasanni don tara kuɗi. Ya bar matarsa Naomi da juna biyu, ya tashi. Yana da shekara 28.

Ingila ta ba shi mamaki. Da ya sauka, ya yi ta neman layin da aka ware wa irinsa, bai gani ba. A jirgin ƙasa ya zauna ya ci abinci wuri ɗaya da Turawa, ba wanda ya kore shi. Amma wasa ya ƙi shi da fari. Ga sanyi, ga ruwa kullum. A kan jiƙaƙƙiyar ciyawa ƙwallo ba ya tashi kamar yadda yake yi a kan tabarma. Shigarsa 5 ta fari, maki 25 kaɗai ya tara.

Bai tattara kayansa ya koma gida ba. Ya saurari waɗanda suka san filayen ƙasar, ya koyi jiran ƙwallo har ya iso kafin ya buga. Kafin ƙarshen shekara ya ci maki 930, ya kuma fid da mutum 71 da jifarsa. Sana'a biyu ta yi rana.

A 1964 ya zama ɗan ƙasar Ingila, ya koma babbar ƙungiyar lardin Worcester, wanda ake faɗa Wusta. A lokacin ya rage wa kansa shekara 3, don yana tsoron a ce ya tsufa. A 1965 ƙungiyarsa ta zama zakarar Ingila, da taimakonsa. A watan Yuni na 1966 aka kira shi ƙungiyar ƙasa. Ya yi wasansa na fari a filin Lord's na Landan, suka kara da ƴan tsibiran Karayib. Yana da shekara 34, lokacin da wasu ke shirin barin wasa.

KARATU NA UKU

Shekara ta 1968

An shirya ƙungiyar Ingila za ta tafi Afirka ta Kudu a ƙarshen 1968. Babban burin Basil shi ne ya shiga filin Newlands ta ƙofar ƴan wasa, mutanen unguwarsu suna kallo. Gwamnatin wariya kuwa ba abin da take ƙi kamar wannan. In mutanen ƙasa suka ga ruwa-biyu yana buga ƙwallon Turawa har iyakar fili, me za a ce musu game da fifikon farar fata?

Sai aka biyo masa ta bayan gida. Wani babban ma'aikacin kamfanin taba ya kira shi, ya yi masa tayi. Za a ba shi aikin koyar da wasa a Afirka ta Kudu, fam 4,000 kowace shekara har shekara 10, da gida, da mota. Sharaɗi ɗaya ne: ya sanar cewa ba zai bi ƙungiyar Ingila ba. Kuɗin sun fi abin da wasa ke ba shi nesa ba kusa ba. A wannan lokaci ma an ajiye shi daga ƙungiyar ƙasa, ba shi da tabbacin za a sake kiransa. Amma ya san kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ya tuna da waɗanda suka yi masa karo-karon kuɗin jirgi. Ya ƙi.

A watan Agusta Ingila tana da wasa na ƙarshe da Ostareliya a filin Oval na Landan. Wani ɗan wasa ya janye, aka kira Basil ya maye gurbinsa. Ya shiga ya ci maki 158.

Ran ƙarshe aka tafka ruwa da rana tsaka, fili ya zama tafki. Ƴan kallo suka sauko suka taimaka aka tsane shi. Da aka koma, lokaci ya ƙure, ƴan Ostareliya biyu sun kafe sun ƙi fita. Shugaban ƙungiya ya miƙa wa Basil ƙwallo. Ya jefa, ya ka da turakun ɗayansu, mai suna Barry Jarman. Daga nan hanya ta buɗe. Derek Underwood ya fid da sauran huɗun, Ingila ta ci wasa saura ƴan mintoci a tashi.

Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Amma ran 28 ga Agusta hukumar kurket ta Ingila, mai suna MCC, ta karanta sunayen masu tafiya, babu na Basil. Masu zaɓe suka ce sun auna shi a matsayin mai bugu kaɗai, jifarsa ba za ta yi amfani a filayen can ba. A rediyo ya ji labari, a ɗakin ƴan wasa na Wusta. Ya zauna ya yi kuka.

Mutanen Ingila suka fusata. Jaridu suka yi ca, wasiƙu suka yi ta zuwa, wasu suka fita daga hukumar. Basil kuwa bai zagi kowa ba. Ya kama bakinsa, ya ci gaba da wasa.

Ran 16 ga Satumba wani mai jifa, Tom Cartwright, ya janye daga tafiya. Aka sa Basil a gurbinsa. Wanda aka ce jiya jifarsa ba ta isa ba, yau shi ne ya maye gurbin mai jifa. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi.

Washegari shugaban gwamnatin Afirka ta Kudu, John Vorster, ya yi jawabi a garin Bloemfontein. Ya ce wannan ƙungiya ta maƙiyan wariya ce, ƙasarsa ba za ta karɓe ta ba. Ran 24 ga Satumba Ingila ta fasa tafiya.

Abin da ya biyo baya

Vorster ya hana mutum ɗaya shiga, amma ƙasarsa ya rufe wa ƙofa. Mutane da yawa a duniya ba su damu da wariya ba a da, don abin yana nesa da su. Yanzu sun gan ta a kan mutumin da suka sani, suke kuma ƙauna. A 1970 aka soke zuwan ƙungiyar Afirka ta Kudu Ingila. A shekarar kuma aka kori ƙasar daga hukumar wasannin Olamfik. Ta yi shekara 21 ba ta cikin kurket na duniya.

Ƙasashen Afirka ma ba su zauna ba. A 1976 fiye da 20 daga cikinsu, har da Nijar da Najeriya, suka ƙaurace wa wasannin Olamfik na Montreal a Kanada. Dalili shi ne an bar Niyu Zilan ta shiga, alhali ƴan wasanta na ragabi sun je Afirka ta Kudu a shekarar.

Ba wasa kaɗai ya ka da wariya ba. Mutanen ƙasar ne suka yi gwagwarmaya, da yawa suka rasa rai, da yawa suka sha ɗauri. Amma hana wasa ya ci wa masu mulki rai ƙwarai, don suna ji da shi. An saki Nelson Mandela a watan Fabrairu na 1990. A Nuwamba na 1991 Afirka ta Kudu ta koma kurket na duniya, ta kara da Indiya a birnin Kalkata. A 1994 aka yi zaɓen da kowa ya jefa ƙuri'a, Mandela ya zama shugaban ƙasa.

Basil ya yi wa Ingila wasa har 1972. Ga lissafin aikinsa: manyan wasanni 44, maki 2,484, ya haura 100 sau 5, ya fid da mutum 47. Da ya bar wasa ya zama mai koyarwa a Wusta, ƙungiyar ta zama zakara a 1988 da 1989. Ɗansa Damian da jikansa Brett duk sun yi wa wannan ƙungiya wasa.

A shekara ta 2000 aka sa shi cikin gwanayen kurket 10 na Afirka ta Kudu na ƙarnin da ya wuce, ko da yake ba a taɓa barinsa ya yi wa babbar ƙungiyar ƙasar wasa ba. A 2004 aka sa sunansa a kofin da Ingila da Afirka ta Kudu ke karawa a kai. Ya rasu a Ingila ran 19 ga Nuwamba na 2011, yana da shekara 80.

Ba a san iyakar abin da zai yi ba da an bar shi ya fara yana ɗan shekara 20. Ba a kuma san yawan abokansa na filin tsakuwa da suka tsufa ba tare da duniya ta ji sunansu ba. Wannan ita ce hasarar da wariya ke jawo wa ƙasa.

MA'ANAR KALMOMI

Turaku: itatuwan da ake kafawa a ƙasa, kamar na ɗaure dabba. Ɗaya shi ne turke.
Tsiraru: mutanen da ba su da yawa.
Wariyar launin fata: raba mutane da fifita wasu saboda launin jikinsu.
Karo-karo: kowa ya kawo abin da ya samu, a haɗa don biyan wata bukata.
Maye gurbi: shiga wurin da wani ya bari.
Ƙaurace wa: ƙin shiga wani abu da gangan don nuna rashin yarda.
Ragabi: wasan ƙwallo mai kama da ƙwai, ana ɗaukarsa da hannu a gudu.

TAMBAYOYI

1. Don me ake yin kurket a Najeriya amma ba a saba da shi ba a Nijar?
2. Wane ne ake kira mai sana'a biyu a wannan wasa?
3. Yaya filin wasan su Basil yake? Yaya na Turawa yake?
4. Su wa suka taimaki Basil ya tafi Ingila? Me kowannensu ya yi?
5. Wane tayi aka yi masa a 1968? Don me ya ƙi?
6. Wane aiki ya yi da sanda, wane kuma ya yi da ƙwallo, a filin Oval?
7. Me ya sami Afirka ta Kudu bayan jawabin Vorster?

LISSAFI

1. Mai bugu ya kai ƙwallo iyakar fili sau 7, ya tsallake iyaka sau 3, ya yi gudu 19. Maki nawa ya ci?
2. Fam 4,000 a shekara har shekara 10, fam nawa ke nan?
3. Shekara nawa tsakanin zuwan Basil Ingila da zaɓen Mandela?

AIKIN YI

1. Ku nemo birnin Kap da Landan da Kalkata a taswirar duniya.
2. Ku tattauna a kan wannan karin magana: ramin mugunta a gina shi gajere. Wa ya dace da ita a cikin labarin?
3. Ku tambayi wani dattijo labarin shahararren ɗan kokowa na garinku. Ku rubuta layi 10 a kansa da Hausa, sa'an nan ku mai da layi 3 zuwa Faransanci.
4. Ku kafa karare 3 a filin makaranta, ku auna metir 20, ku sami ƙwallon tsumma da guntun katako. Ku rabu gida biyu, maza da mata a haɗe. Kowa ya gwada bugu, kowa ya gwada jifa.